Kwangilar Kamfani ko Injiniyan Gida: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Mutum-mutumin Koyon Aikin Asibiti?

Cikin wata bazara, ana saura mako uku masu tantancewa su zo daga Abuja, shugabar wata makarantar koyon jinya da ungozoma a nan Kano ta aiko a kira ni. Da na isa ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ɗauki makulli ta ce, "Injiniya, taso mu je ka gani da idonka."

Ɗakin yana can ƙarshen gini, rufin kwano, silin ya ɓule ta kusurwa ɗaya. Ana buɗe ƙofa wani huci ya dake mu kamar an buɗe tanderu. A kan gado ga mutum-mutumin nan kwance, cikakken mutum, irin mai numfashi da ƙifta ido da bugun zuciya, an lulluɓe shi da zanin gado. Na ɗaga zanin na taɓa ƙirjinsa, fatar ta yi danƙo tana kama yatsa. Na buɗe gefensa, batir ya kumbura har ya tsage gidansa. Siraran tiyon da jinin gwaji ke bi sun yi baƙi ƙirin da funfuna, domin ruwan da aka zuba ranar da aka kawo shi yana nan ciki bai fita ba. Ɓera ya gutsure tiyon iska mai zuwa huhun hagu. Kwamfutar da ke ba shi umarni kuwa lafiyarta ƙalau, sai dai malamin da ya san lambar sirrinta ya bar aiki ya tafi Saudiyya.

Na ce, "Ranki ya daɗe, yaushe rabon a kunna shi?"

Ta yi jim, sannan ta ce, "Tun satin da mutumin kamfani ya zo ya nuna mana. Tsoro muke kada yara su ɓata shi."

Ban ga laifinta ba. Wanda ya san wahalar da aka sha kafin a tara kuɗin, dole hannunsa ya yi nauyi. Muna fitowa ta jefo mini tambayar da ta dame ta: "To yanzu mene ne mafita? Mu koma mu ɗaura kwangilar kulawa da kamfanin da ya sayar mana, ko mu ɗauki namu injiniyan mu ajiye?" Ranar a tsaye na ba ta amsa, a gurguje. Tun daga nan an sha yi mini wannan tambayar, ganin yadda makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu ke ƙaruwa a Kano, kowacce kuma sai ta nuna ɗakin gwaji kafin hukuma ta amince da ita. Ga amsar a zaune.

Kafin a yi maganar mai kulawa sai an san abin da zai kula da shi, domin sunan mutum-mutumi ya haɗa kayan da ba ajinsu ɗaya ba. Akwai gaɓa guda: hannun roba mai jijiyoyi da ake koyon allura da ƙarin ruwa, ƙugun mace na koyon karɓar haihuwa, kai da wuya na koyon zura bututun numfashi. Waɗannan ba ruwansu da wuta. Akwai rabin jiki na koyon danna ƙirji da hura iska ga wanda zuciyarsa ta tsaya, zuriyar Resusci Anne da Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a birnin Stavanger na ƙasar Norway, ya fitar a 1960. A cikinsa sifirin ne da jakar huhu, na zamani kuma an ƙara musu 'yar na'urar da ke auna zurfin danni. Sai babban, irin SimMan na kamfanin Laerdal ko HAL da Noelle na Gaumard, wanda in ka buɗe shi ƙaramar masana'anta ce aka sa wa fata: injin matsa iska, bawul-bawul masu buɗewa da lantarki, famfunan ruwa, lasifiku a ƙirji da ciki, ƙananan injina masu motsa fatar ido, batir, allunan lantarki, da rediyon da ke haɗa shi da kwamfutar malami. Kuɗinsa dubun-dubatar daloli ne, wani ma ya haura dubu 100. Kakansa, Sim One, wanda aka ƙera a Jami'ar Kudancin Kalifoniya cikin shekarun 1960, guda ɗaya tak aka taɓa yi, domin ko a Amurka nauyinsa ya fi ƙarfin makarantu.

Duk an ƙera su ne da tunanin ɗaki mai sanyi, mara ƙura, mai wutar da ba ta rawa. Kano kuwa mun san halinta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana tura ƙura mai laushi kamar gari ta kowace kafa. Injin matsa iska ya zuƙe ta, ta toshe matata, ta maƙale a bakin bawul, sai ka ga ɓangaren ƙirji ɗaya yana tashi ɗaya ya tsaya cak. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, wanda shi ne iyakar da masu ƙera irin waɗannan kaya da yawa ke rubutawa a takardarsu, balle a ɗakin kwano rufaffe. Zafi yana cin batirin litiyom ko ba a aiki da shi, yana sa roba ta yi danƙo ko ta bushe ta tsattsage, gam ya saki. Damina ta zo da danshi, ruwan da aka bari cikin tiyo ya yi funfuna. Ruwan burtsatse da muke sha lafiya lau yana barin farin gishiri a cikin siraran famfuna, shi ya sa ba a zuba musu komai sai tataccen ruwa. Sai wuta. Dawowarta ta fi ɗaukewarta ɓarna, haka ma lokacin da ake juyawa daga layin gari zuwa janareta. Kuma wutarmu bolt 230 ce. Na taɓa ganin na'urar da aka kawo kyauta daga Amurka, inda tasu take bolt 120, aka soka ta a bango kai tsaye, kafin a ƙifta ido hayaƙi ya tashi.

Hannun mutane ma yana da nasa rabon. Tawadar biro in ta hau fatar nan ta hau ke nan har abada, haka ma aidin. Basilin yana cinye robar maƙogwaro, akwai man da aka yi musamman dominta. Allura mai kauri tana rage kwanan jijiyar roba.

Amma abin da ya fi hana ni barci ba wanda ya mutu ba ne. Wanda ya mutu kowa ya gani, an lulluɓe shi, an koma allo da alli. Wanda nake tsoro shi ne mai rai da ke faɗin ƙarya. Ƙa'idar danna ƙirjin babban mutum ita ce zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Sifirin da ɗaruruwan ɗalibai suka danna yana yin sanyi, na'urar aunawa tana gocewa daga saitinta. Sai yarinya ta danna santimita 4 fitila ta nuna mata kore, ta ci jarrabawa, hannunta ya haddace 4. Ranar da za ta tsaya a kan mahaifin wani a ɗakin gaggawa, abin da hannun ya haddace shi zai bayar. Haka jaririn roba da jakar huhunsa ta huje: ɗaliba tana matsa jakar iska ƙirji bai tashi ba, ta ƙara ƙarfi, ta ƙara, har ya tashi, ta ɗauka haka ake yi. Huhun sabon haihuwa ba ya jure wannan matsin, yana iya hujewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Saboda haka aikin injiniya a ɗakin gwaji ya wuce tashin abin da ya lalace. Shi ne mai shaida cewa abin da robar nan ke koya wa hannun ɗalibi gaskiya ne, kuma da wannan mudun nake auna hanyoyin biyu.

Mu fara da kwangila, mu ba ta haƙƙinta. Akwai abubuwan da babu mai iya yi sai kamfani. Manhajar da ke cikin babban a kulle take, su ke riƙe da makullin. In allon lantarki na tsakiya ya ƙone, ba a Sabon Gari za a samo shi ba, daga masana'anta zai taso ta hannun wakilinsu. Sabunta manhaja, lasisin shirye-shiryen darasi, sake saita wasu na'urorin aunawa da kayan aikin da su kaɗai ke da su, duk nasu ne. Ma'aikacinsu ya buɗe irin wannan na'urar ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, ya san cutar da ta saba kama ta tun kafin ya kwance noti. Shugaban makaranta kuma yana samun natsuwa, ya san abin da zai biya a shekara, yana da takardar da zai nuna wa hukumar gudanarwa. Garantin sabon kaya galibi shekara ɗaya ne, kwangila ce ke tsawaita wannan inuwar.

To amma a karanta takardar har ƙasa. Kwangilar kulawa yawanci ziyara ɗaya ce a shekara, in an yi sa'a biyu, ƙurar da ta shiga ranar Litinin kuwa ba za ta jira ziyarar ƙarshen shekara ba. Wakilan da ke sayar da irin wannan kaya galibinsu a Legas ko Abuja suke, wani ma ofishin da ke da ƙwararren ma'aikacin yana wata ƙasa. In abu ya tsaya ana tsakar jarrabawar gwaji, sai a buga waya, a tura hoto, a jira a sa rana, a biya kuɗin jirgi da masauki in ba a rubuta su cikin yarjejeniya ba. Ya zo ya duba ya ce sai an yi odar kaya. Kayan su taso, su kwana a kwastam. Zangon karatu guda yana iya wucewa ɗalibai ba su ɗora hannu a kansa ba.

Sannan abubuwan da kwangila ta saba cirewa daga wuyanta su ne ainihin masu kashe kaya a Kano: ɓarnar wuta, ɓarnar zafi da ruwa, ɓera, kuskuren mai amfani, da kayan da ke ƙarewa kamar fata, jijiyoyi, jakar huhu da batir. Duk abin da na tarar a ɗakin Hajiya shugabar makarantar ranar nan, da wuya a samu guda da kwangila za ta ɗauka.

Ga kuma dala. Kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ta sa hannu kan kwangilar da aka ƙiyasta da dala, alhali da naira iyaye ke biyan ta, ta wayi gari nauyin ya ninka uku ba a ƙara mata ko ziyara ɗaya ba. Akwai kuma ranar da kamfani zai daina ƙera kayan gyaran wani samfuri. Kamfanonin kansu suna canza hannu, kamar yadda kamfanin CAE ya sayi METI, mai ƙera irin wannan mutum-mutumin, a 2011, don haka alkawarin da ba a rubuce yake ba kada a dogara da shi.

Yanzu injiniyan gida. Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne gyara ƙaramin kaso ne a aikinsa. Bakwai da rabi ya buɗe ɗaki, ya dubi ma'aunin zafi da ke rataye a bango ya rubuta. Ya kunna babban ya tsaya yana sauraren injin iska, kunnen da ya saba yana jin canji tun kafin komai ya tsaya, kamar yadda direba ke jin motarsa. Ya ɗora tafin hannu a ƙirji ya tabbatar ɓangarorin biyu suna tashi tare, ya taɓa bugun wuya, na hannu, na ƙafa. Malama ta iso da ɗalibai, ya karɓi birukansu a bakin ƙofa ya miƙa safar hannu. Lokacin darasi yana bayan labule a kan kwamfuta, malama ta ɗaga masa gira ya sauke awon jini, ya sa numfashi ya yi sauri, ɗalibai su rikice su nemi abin yi. An tashi, ya zuƙe jinin gwaji, ya bi tiyo da tataccen ruwa, ya bi da sifirit, ya hura iska su bushe. Ya goge fata da sabulu mai laushi, ya barbaɗa hoda kaɗan, ya rufe. Ƙarshen wata ya ɗauko rula ya gwada zurfin danni da abin da fitila ke nunawa, ya nutsa jakar huhu a bokiti ya ga ko kumfa za ta fito. Lokacin hutu ya cire batura ya ajiye su da rabin caji a wuri mai sanyi. Komai yana cikin littafi: ranar da aka canza me, saura nawa a sito, yaushe za a yi oda kafin ya ƙare.

Ba ni kaɗai nake ganin nauyin wannan ƙaramin aikin ba. Robert Malkin na Jami'ar Duke da abokiyar aikinsa sun tattara bayanan na'urorin asibiti 112,040 a ƙasashe masu tasowa 16, suka wallafa a 2011 cewa kimanin kashi 38 cikin 100 ba sa aiki, manyan dalilan kuma su ne rashin horo, rashin tsarin kulawa, da matsalar wuta da ruwa da makamantansu. A wani binciken da ya fitar a 2010, wanda ya bi gyare-gyare a asibitoci 60, kusan kashi 7 cikin 10 na na'urorin da suka tsaya an tashe su ba tare da an shigo da kayan gyara daga waje ba. Fiyus ne, waya ce ta saki, tiyo ne ya toshe, ko kuwa ba a koya wa mai amfani yadda ake yi ba. Kayan asibiti suka duba, amma abin da nake tararwa a ɗakunan gwaji bai saɓa da wannan ba.

Shi ma yana da iyaka, ba kuma zan ɓoye ta don sana'ata ce ba. Ranar da allon tsakiya ya ƙone ko manhaja ta ruɗe, hannunsa a ɗaure yake in babu kamfani a bayansa. In ya buɗe inda ba a yarda ba lokacin garanti, ya ɓata garantin. In bai taɓa samun horo a kan samfurin ba, a kan kayanku zai koya, irin wannan koyon kuwa yana da tsada. Akwai kuma cutar da take tamu ta gida: da zarar an ji akwai injiniya a makaranta, shi ne mai janareta, shi ne mai famfon burtsatse, shi ne mai fankar ofis, har ɗakin gwajin ya koma aikinsa na ƙarshe. In ya ƙware kuma wani zai ɗauke shi, ko babban asibiti ko ƙasar waje, ya tafi da duk abin da ya sani a kansa. Maganin wannan littafin nan ne, da haɗa shi da mataimaki tun farko, ko malamin jinya guda da zai koyi rabin aikin. Sannan a ba shi kuɗin hannu. Ma'aikacin da sai ya rubuta takarda ta zaga ofis huɗu kafin ya sayi gam da tiyo, an ɗauke shi ne kawai, ba a bar shi ya yi aiki ba.

Wa za a ɗauka? Masu digirin injiniyan kayan asibiti ba su da yawa a Arewa, kada a tsaya jiransu. Wanda ya gama lantarki a Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, ko sashen mekatironik (haɗin ilimin inji da lantarki) na Jami'ar Bayero, ya san bawul da allon lantarki da injin iska. Abin da ya rage masa sanin jikin mutum. A zaunar da shi a aji tare da 'yan shekarar farko, ya ji me ya sa bututun numfashi in ya zarce yake faɗawa huhun dama, ya san sautin zuciya mai lafiya, don ya gane in lasifika ta fara ƙarya. Ni na fi duba hali. Mai haƙurin rubutu, wanda ba ya jin kunyar wanke bokiti, ya fi mini gwani mai gaggawar kwance na'ura. Kuma a duba 'yan mata masu wannan karatun. A ɗakin da ake koyon karɓar haihuwa, ɗalibai mata sun fi sakin jiki in wadda ke bayan labule mace ce.

Hanya ta uku da wasu ke bi, wato a bari sai ya lalace a kira mai gyaran waya ko kwamfuta daga Farm Centre ko Beirut Road, ba zan daɗe a kanta ba. Yaran nan hannunsu yana da albarka, a caja da gilashin kwamfuta da aikin dalma mai laushi sun fi injiniyoyi da yawa. Amma iyakar aikinsu abu ya kama, ba su da hanyar sanin ko abin da ya kama gaskiya yake faɗa. A kai musu gunduwa-gunduwa, na gida ya gwada bayan an dawo da ita.

In aka zo lissafi, albashin ma'aikaci da naira ake biya, kuma yana rufe duk kayan ɗakin, daga hannun allura har babban da kwamfutoci. Kwangila kayan kamfani ɗaya take rufewa, makarantar da ke da kayan kamfanoni uku sai ta ɗaura uku. Ko wacce hanya aka bi, shawarata ita ce duk shekara a ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin kayan don riƙe su, a sa shi cikin kasafi tun ranar saye. Kuma kafin a sayi babban a fara gina masa gida: silin mai kyau, tagogi masu rufuwa ruf, na'urar sanyaya ɗaki, sitabilaiza, da inbata mai sola da za ta raba shi da wutar gari. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato na waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sanyaya ɗaki guda ya zama kasafi mai zaman kansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ba, kada ya sayi babban.

Wannan shi ne abin da na fi so shugabannin makarantu su ji. Amsar wa zai riƙe ita ya kamata ta yanke abin da za a saya. Ɗalibar ungozoma da za a tura Rano ko Gezawa ko Tudun Wada, abu biyu ne za su fi tayar mata da hankali da tsakar dare: jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, da uwar da jini ya ƙi tsaya mata. NeoNatalie jakar roba ce mai siffar jariri, a cika ta da ruwan ɗumi ta yi nauyin sabon haihuwa, malama tana matsa 'yan ƙwallayen roba da hannu ta sa cibiya ta buga ko ƙirji ya motsa. Babu batir, babu manhaja. Da ita aka gudanar da shirin taimaka wa jarirai numfashi mai suna Helping Babies Breathe, wanda aka ƙaddamar a 2010, kuma binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna mutuwar jarirai cikin sa'o'i 24 na farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 a asibitocin Tanzaniya 8 da aka yi horon. MamaNatalie kuwa malama ce ke ɗaura ta a cikinta, tana da tankin da ke ɗaukar lita ɗaya da rabi na jinin gwaji, malamar ce ke sakin jinin da hannunta, ita ce kuma fuska da muryar mai naƙuda. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100. Abin da aka yi aiki da shi leda ce mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, da magungunan da aka riga aka sani a haɗa su lokaci guda, da maimaita atisaye a inda ungozomomin ke aiki.

Kuɗin babba guda zai cika ɗaki da irin waɗannan, kowace ɗaliba ta ɗora hannu ta maimaita har ya zauna mata, maimakon ta leƙa ta bayan kafaɗar wasu. Dukkansu kuma ma'aikaci mai difloma zai riƙe su da gam da faci da tiyon da ake samu a Sabon Gari, ya yi odar fata da jijiyoyi sau ɗaya a shekara. Ga makarantar jinya, ta ungozoma, ko ta kiwon lafiyar al'umma, hukuncina a fili yake: ma'aikacin gida, babu kwangila. In ƙarfin makaranta bai kai cikakken albashi ba, makarantu biyu ko uku da ke kusa su haɗa su ɗauki mutum ɗaya, a raba masa kwanaki a rubuce. Na san akwai masu sayen babban don ranar tantancewa kawai, akwai ma masu arowa daga maƙwabta a mayar washegari. Zanen aro ba ya rufe katara. Masu tantancewa kwana biyu za su yi, ɗalibar kuwa shekara talatin za ta yi tana karɓar 'ya'yan mutane.

Inda ake horar da likitocin sa barci, na gaggawa da na kulawa ta musamman, kamar manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, lissafin daban ne. Can ana buƙatar majinyacin da zai juye a tsakiyar aiki, maƙogwaro ya rufe, bugun zuciya ya hargitse, tawaga ta koyi jin maganar juna cikin ruɗani. Wannan sai babban, kuma a nan duka biyun ake buƙata, amma na gida shi ne tushe, kwangila ƙari. A ɗauke shi kafin a sayi kayan, ya zauna a teburin ciniki. Da ni ne, zan nemi a rubuta horon kwanaki ga mutum biyu ranar da aka kafa na'urar, ba nunin awa biyu ba. Zan nemi littafin gyara na ma'aikata, da duk lambobin sirri a ambulan a ofishin shugaba. Kayan da ke ƙarewa na shekara biyu su zo tare da na'urar don kada a sake bi ta kwastam. A faɗi shekarun da kamfani zai ci gaba da kawo kayan gyara, da kwanakin da ma'aikacinsu zai iso bayan kira, a rubuta Kano da sunanta. Mafi amfani duka, a yarda na gida ya canza sassa suna kallonsa ta bidiyo ba tare da garanti ya faɗi ba. Kason ƙarshe na kuɗi a riƙe shi sai an cika waɗannan. Ko kyauta ce haka za a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ƙa'idojin bayar da kyautar kayan asibiti, jigonsu kuwa mai karɓa ne zai faɗi abin da yake buƙata kuma zai iya riƙewa. Tambayar mai kyauta shekarun na'ura da wutar da take sha da inda za a samu kayanta ba rashin godiya ba ne.

Mako ukun nan bai ishe mu tashin babban Hajiya ba, na kuma gaya mata gaskiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai muka fito da ƙananan da ke jibge a sito, wasu ko ledarsu ba a cire ba, muka wanke, muka gwada, muka yi wa jakar huhu biyu faci. Bayan an gama ta ɗauki wata yarinya mai difloma a lantarki, ta miƙa mata makullin ɗakin da littafi mai jan bango da kuɗin hannu duk wata. Aka gyara silin. Babban aka wanke masa tiyo, aka maye inda ɓera ya ci, aka canza batir, aka karɓo lambar sirri ta waya, ya dawo yana numfashi. Famfon jininsa guda ya mutu, aka yi odarsa ta hannun wakili, aka tsaya a kan biyan kuɗin ziyara in buƙata ta taso maimakon kwangilar shekara.

Da na koma cikin hunturu na tarar yarinyar ta danna soso a ƙasan ƙofa, ta liƙe kafofin tagogi. Zan shiga ta tare ni ta ce, "Yallaɓai, biron da ke aljihunka." Na zare na miƙa mata. A ciki ɗalibai shida sun kewaye tebur, ɗaya ta ɗora abin hura iska a fuskar jaririn roba, malama tana riƙe da agogo tana ƙirga musu daƙiƙu 60 na farko. Ɗalibar ta matsa a hankali da yatsu, ƙirjin ya tashi.